Sunan 'Yar Fari

Laraba, 8 ga Janairu, da hantsi

Hanta aka sake kawo mini. Gasasshiya, da jininta a ciki, a nannaɗe cikin takardar siminti. Inna ta tsaya a kaina sai da na haɗiye lomar ƙarshe. A wajen surukata, abin da ke damuna dundumi ne, maganin dundumi kuwa hanta, magana ta ƙare. Da hanta na buɗe ido, da yanzu daga tsakar gidan nan ina hango Damagaram.

Likitan ido na can Damagaram ɗin ya gaya mini sunan abin tun bara waccan. Da ya ga ban kama ba, ya rubuta mini a takarda: Usher. Ya ce da shi aka haife ni. Shi ya rage mini ji tun ina goye, shi ne kuma yanzu yake cin idona daga gefe yana nufo tsakiya. Ina gani kamar mai leƙe ta mazurari, fuska ɗaya a lokaci ɗaya, in akwai haske. In magariba ta yi kuwa, kasuwa ta tashi. Na yi wa Inna wannan bayani, ta ce sunan Nasara ne, ita hanta ba ruwanta da Nasara.

Rigar yarinyar, 'yar farin tawa, ta bushe tun jiya. Na kasa sauke ta daga igiyar shanya.

Alhamis, 9 ga Janairu, da safe

Yarinyar tana tari. Ban ji ba, hannu na sa a bayanta na ji yana tsalle. Da Inna ta shigo na janye hannun.

Juma'a, 10 ga Janairu, bayan saukowa daga masallaci

Yaya Babakura, wan maigida, ya zo. Suka shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro shi da Inna, aka kira ni. Na durƙusa daga gefe, kai a ƙasa, kamar yadda ake yi a gaban surukai.

To ni kunnena leɓɓan mutane ne. In na sunkuyar da kai, na toshe kunne ke nan. In na ɗaga na zuba wa babba ido, a ce ba ni da tarbiyya. Inna kuma, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin bakinta yana motsi ba, kullum gefen mayafi na rufe da shi. Aparai ɗin da ke kunnena, na'urar ƙara ji, bai kamo mini komai ba sai kukan akuyar maƙwabta. Suka yi ta maganata ina zaune kamar turmi.

Daga ƙarshe Yaya ya sunkuyo ya daka mini tsawa a kunne, yadda ake yi wa kurma, har da yayyafin yawu:

"Ƙarshen wata, in an gama ɗura tattasai a buhu, Inna za ta koma N'Guelbély da yarinyar. Can za ta zauna. Kin ji?"

Na ji. Wannan kam na ji shi sarai.

Amma uwar 'yar fari ba ta da baki a kan 'yarta. Ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake ce mata. Ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na yi mata wasa sai na saki labule. Shekara huɗu ana yabona a unguwa, wai Zulaihat kurma ce amma akwai kunya. Ko a kayen nan, littafin rubutun da ba mai karantawa sai ni, na duba baya, babu sunan ko sau ɗaya. Tir da wannan yabo.

Lahadi, 12 ga Janairu, da azahar

Saƙon maigida daga wajen haƙar zinari: "Ki bi maganar Inna." Shi ke nan. Ita Inna kuwa murya ya aiko mata, doguwa, suka kewaye wayar suna saurare suna kallona.

Talata, 14 ga Janairu, da la'asar

Masu jaje sun ƙi ƙarewa. Kowace ta shigo sai ta zauna a gefena, inda ba na ganinta, ta yi ta magana, in ta gama ta tafi ta ce na yi mata girman kai. Wata ta kaɗa mini hannu a fuska don ta gwada ni, na ƙifta, ta juya ta ce wa ta kusa da ita, "Ai ido nata garau." Wannan na karanta shi a bakinta tsaf. Wata kuma ta kawo hanta.

Na ce ba zan rubuta abin ranar Litinin ta makon jiya ba, kuma ba zan rubuta ba.

Sai dai a sani, ba barin yarinyar na yi ba. Tana gefena. Kusa da ni take kamar tabarmar nan da bango. Ina tsinkar tattasai a gonar su maigida ta bakin kogin Komadugu, ina zaɓen jajaye, raina fes, har da 'yar waƙa. Ramin da injin yake zuba ruwa yana hannuna na hagu, ni kuwa ba ni da hagu. Mai kula da injin ne ya wuce ni a guje, ƙafarsa ta watso mini laka, sannan na juya. Shi ya tsamo ta.

Har yau ba na son ganin jan tattasai.

Laraba, 15 ga Janairu, da yamma

Wata ƙungiya ta kira taron masu nakasa a wani babban zaure kusa da kasuwa. Na je don kawai in bar gidan. A bakin ƙofa wani ma'aikacinsu mai farar riga ya tare ni. Ya iya buɗe baki, ban sha wuyar karanta shi ba.

"Madam, kurame hagu, makafi dama. Ke wacce ce?"

"Duka biyu."

Ya yi dariya, ya ɗauka zolaya nake. "A'a, zaɓi ɗaya. Ba mu tanadi kujerar duka biyu ba."

Na fara da hagu. An tsayar musu da mai magana da hannu can kan dandamali, hannuwansa na fita daga ganina suna dawowa, har kaina ya fara juyawa. Na koma dama. Su kuma lasifika aka kafa musu, aparai ɗina ya ɗauki fito kamar zai huda mini kai. Wata 'yar jagora ta dube ni sama da ƙasa ta ce wa makahonta, "Ga wata mai ido ta zo cin rabonku." Can aka miƙo mini farar sanda, aka ce in yi murmushi, aka ɗauki hoto, aka karɓe sandar aka ba ta bayana.

Na tashi zan fita, na yi tuntuɓe da mutum. Mata biyu ne zaune a ƙasa bayan ƙofa, tsohuwa da matashiya, hannu cikin hannu. Matashiyar tana kallon dandamali, yatsunta na ta aiki a tafin tsohuwar. Na ba da haƙuri, na ce ba na gani ta gefe, ba na kuma ji sosai. Ta dube ni da kyau, ta danna wani abu a hannun tsohuwar. Kafin in ankara tsohuwar ta cafko zanena ta jawo ni ƙasa, ta shafa mini fuska tun daga goshi har haɓa, ta taɓa aparai. Hannunta warin banda da yaji. Idona ya kawo ruwa.

"Wushe, wushe," ta gaishe ni da ƙarfi, irin na wadda ba ta jin muryarta. "Tamu ce wannan."

Matashiyar ta juyo da fuskarta wajen haske ba tare da na roƙa ba. "Sunana Rukaiya, wannan mahaifiyata ce, Ya Aisa. Mu ma ba mu samu kujera ba. Duk Alhamis muna Assaga, rumfar Ba Grema. Ki zo."

Na fizge zanena na fita.

Alhamis, 16 ga Janairu, da sassafe

Na wanke fuska har ta yi zafi, warin bai tafi ba. "Tamu." Wa ya ce mata ni tasu ce? Na ƙi jinin matar nan, kuma na san dalili: ni ce ita nan da 'yan shekaru.

Asabar, 18 ga Janairu, da hantsi

Inna ta gyara gida. Ta matsar da turmi, ta matsar da randa, ta kai murhu wancan lungu, wai gidan mace ba ya zama haka. Ni da na haddace tsakar gidan nan da ƙafa. Na daki turmin da ƙwauri, jini har ƙafa. Ta dubi Yaya Babakura ta gyaɗa kai, irin na "ka gani ko?"

Sun fara ɗinke buhuna.

Litinin, 20 ga Janairu, da rana

Hanta.

Alhamis, 23 ga Janairu, bayan la'asar

Na je Assaga, sansanin 'yan gudun hijira. Na ce da Inna likita zan je sayen pil, batirin aparai.

Rumfar zana ce a bayan bukkoki, ba nisa da kwalta. Ba su da yawa. Ya Aisa da Rukaiya, 'yan Damasak ne. Ba Grema, tsohon masunci, da matarsa. Sai wata budurwa 'yar Bosso da ta maƙale wa uwarta ta ƙi ɗago kai. An zube musu busasshen tattasai na wani ɗan kasuwa a tsakiya, suna cire hanci, suna ware ruɓaɓɓe da hannu da sansana. Na so in juya saboda tattasan nan. Rukaiya ta zaunar da ni na ba rana baya, kowa kuma ya zauna a gabana, ba kowa a gefe.

Hirarsu hannu da hannu take zagayawa, kamar ana miƙa ƙwaryar fura. Matar Ba Grema ta danna masa a tafi cewa baƙuwa ta zo. Ya ɗaga kai sama ya ce, "Ku tambayar mini ita, an ba ta hanta?"

Na ce kullum.

Da amsar ta isa hannunsa ya faɗi da baya don dariya. "Ni garke guda na cinye! Har ta raƙumi!" Ya Aisa ta ce ita har ɗanya an sa ta haɗiya. Budurwar nan ma sai da kafaɗunta suka girgiza. Na yi dariya har na ƙware, rabona da ita tun kafin waccan Litinin ɗin. Ba wanda ya ce mini "Allah sarki." Na yi ta jira, ba wanda ya ce.

Daga baya Ya Aisa ta kama hannuna ta ɗora a maƙoshinta, ta ce in saba, wata rana da nan zan ji ta. Ban janye ba wannan karon. Na ba ta labarin ramin ruwa, Rukaiya na sauke mata a tafi. Ban taɓa ba kowa shi daga farko har ƙarshe ba.

Ba ta yi salati ba. Ta ce, "Ina igiyarki?"

"Wace igiya?"

"Kin fita gona da yaro ba igiya? Ke wa ya rene ki?"

Ta ce 'ya'yanta duka da igiya ta rene su tun suna rarrafe, baki ɗaya a ƙugun yaro, ɗaya a wuyan hannunta. Ja ɗaya, ga ni. Ja biyu, zo. Kowane yaro kuma da yatsansa, in ya zo sai ya kama nasa, ta san wane ne. Ranar da suka gudo daga Damasak, da igiyar nan ta ƙetaro kogi da ƙananan, ba ta ga ruwan ba, ba ta ji harbin ba, ba ta kuma bar ko ɗaya ba. Ba Grema ya laluba buhunsa ya ciro mini wata da ya tufka da zaren koma, mai laushi, ba ta cin fata.

Sai Ya Aisa ta ce, "To, wane yatsa za mu ba ta? Yaya sunanta?"

Rukaiya ta danna mata cewa 'yar fari ce.

"To sai me? Wannan ma 'yar fari ce. Rukaiya! Rukaiya!" Ta kwaɗa shi har wata mata da ke wanki a can ta waiwayo. Ta kamo fuskar 'yarta da hannu biyu a gaban kowa tana murza mata kumatu. Ni ce na ji kunya a madadinta.

"'Yata," ta ce da ni, "mai ido in ta kau da kai daga 'yar farinta, tana satar kallonta ta wutsiyar ido. Mai kunne tana jin ta a bayan ɗaki. Ke da me za ki sata? Wadda ba ki taɓawa, ba ki kira, in ta ɓace miki a tsakar rana yaya za ki yi?"

Sunan dai ban faɗa ba. A mota ina dawowa haushinta ya cika ni, don ba ta faɗi ƙarya ba.

Asabar, 25 ga Janairu, da azahar

Na saki labule na koya wa yarinyar igiyar. Ta ɗauke shi wasa. Ta zaɓi babban yatsa da kanta, wai shi ne mai ƙiba. Ta ɓuya bayan gado ta ja igiya, in na jawo biyu ta fito a guje ta faɗa jikina.

Lahadi, 26 ga Janairu, da yamma

Inna ta ɗaga labule ba sallama, ko ta yi ban ji ba. Ta gan mu. Ta kira Yaya Babakura ya zo ya gani da idonsa, shi kuma ya yi mini tsawar tasa a kunne:

"Inna ta ce akuya ake ɗaurewa, ba jikarta ba!"

Ta kwance igiyar daga ƙugun yarinyar ta jefar bayan randa. Da suka fita na rarrafa na lalubo ta.

Na rubuta wa maigida dogon saƙo, na gaya masa komai, har Assaga. Alamar ya karanta ta fito. Bai amsa ba.

Talata, 28 ga Janairu, da hantsi

An kai ta kitso, an ɗinka mata riguna sababbi na tafiya. Ban san irin kitson ba sai da Inna ta shiga wanka na bi shi da yatsa.

Alhamis, 30 ga Janairu, da la'asar

Na koma Assaga, ban ma nemi wata ƙarya ba. Na roƙi Ya Aisa ta zo ta yi wa Inna magana, babba da babba. Ta ce ba za ta zo ba. "In na karɓo miki ita yau, gobe wa zai karɓo miki? Ni ba ni na haife ta ba."

Tsohuwar nan ba ta da tausayi ko na anini. Na zauna na cire musu hancin tattasai har hannuna ya yi zafi.

Juma'a, 31 ga Janairu, da safe

An gama buhu. Gobe.

Asabar, 1 ga Fabrairu, bayan azahar

Wannan kam zan rubuta.

Tun da safe motar Yaya ta tsaya a ƙofar gida, an lafta mata buhuna. Matan unguwa suka cika waje don sallama da Inna. Aka ce in zauna a ɗaki, haka ake yi, uwa ba ta rakiyar 'yar fari, ba ta kuka, ba ta ko leƙowa. Wata ma ta dafa ni ta ce na burge ta. Na zauna a bakin gado da igiyar a hannu, ina ta jin ƙyamar kaina.

Ban ji tashin mota ba. A ƙafa na ji shi, ƙasa ta ɗauki rawa.

Na fita. Daga duhun ɗaki zuwa rana idona ba ya komawa da wuri, fari fat na gani. Da ya fara washewa sai zannuwa, ja, kore, shuɗi, wani buhu, wata fuska, ƙafar wani. Na juya nan, na juya can. Yarinya ƙarama a cikin taron manya, ni da nake gani ta mazurari. Daidai da ranar gona, tana kusa, ban san ina ba.

Na buɗe baki na kira sunanta.

Ban san ƙarfin muryata ba, ban taɓa sani ba. Amma na ga bakin matar da ke gabana ya tsaya a buɗe, wata ta dafe ƙirji. Na sake kira. Na kuma sakewa, sunan yanka, cikakke, a gaban kakarta da wan ubanta da duk unguwa.

Sai na ji an kama babban yatsana.

Na durƙusa a nan cikin ƙasa, na kama fuskarta da hannu biyu kamar yadda na ga an yi a Assaga, na shafa ta tun daga kitso har haɓa. Kumatun a jiƙe suke. Na ɗaura mata igiyar a ƙugu, na ɗaura ɗaya bakin a hannuna, na ƙulle tam. Ban ɓoye ba.

Yaya Babakura ya nufo kunnena. Inna ta ɗaga masa hannu ya tsaya. Ta sauko daga mota, ta zo har gabana, ta zagaya ta fuskanci rana. Sannan ta janye mayafin daga bakinta. Ashe tana da wushirya. Shekara shida ban sani ba.

Ta yi maganar a hankali, kalma bayan kalma, don kada ko ɗaya ta wuce ni.

"Ba ki da kunya."

"Na ji, Inna."

"In ta sake faɗawa ruwa fa?"

Na ɗaga hannuna mai igiyar. "Mu biyu za a tsamo."

Ta daɗe tana kallon ƙullin. Ta sa yatsa ta ja shi ta ji ko zai kwance, bai kwance ba. Ta mayar da mayafinta, ta koma mota, ta sauko da ƙunshin kayan yarinyar. Ba ta miƙo mini ba. A ƙasa ta ajiye shi. Amma ba a gefena ta ajiye ba, ta tako ta sa shi a gabana sosai, daidai inda nake gani.

Motar ta tafi ba wanda ya yi mini sallama.

Litinin, 3 ga Fabrairu, da hantsi

Maigida shiru. Maƙwabciyar da ta ce na burge ta, yau ta gan ni a famfo ta ja mayafi ta rufe baki kafin ta yi wa ta kusa da ita magana. Su yi ta rufewa.

Na mayar da turmi inda yake.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da azahar

Tana barcin rana. Igiyar na motsi a hannuna duk lokacin da ta juya. Gobe Alhamis, tare za mu je, Ya Aisa na bina suna tun wancan zuwan.

Ba na jin idon nan zai daɗe yana karanta ƙananan baƙaƙe, don haka na ba sunan shafi guda shi kaɗai, da babban alƙalami.

RAMLA.